Rabeh, Mayaƙin da Mutuwarsa ta Haifi Njamena

Wanda ya tsaya a bakin kogi a Njamena ya hangi ƙetare, garin Kuseri na ƙasar Kamaru yake kallo. A can ne aka sare kan Rabeh ranar 22 ga Afrilu, 1900. Shi ma Lamy, kwamandan da ya jagoranci sojojin Faransa a wannan gumurzu, bai ga wayewar gari ba. Ranar 29 ga Mayu sai Bafaranshe Emile Gentil ya kafa sansanin soja a wannan gaɓar ta kogin Shari, ya raɗa masa suna Fort Lamy. Sansanin nan ne ya zama babban birnin Chadi.

Rabeh mutumin Sudan ne, haifaffen Halfaya kusa da Khartum. Ya yi barantaka a gidan Zubairu Rahama, babban mai fataucin bayi da hauren giwa, shi ya sa ake jingina shi da sunan Zubairu, alhali ba ɗansa ba ne. Da aka murƙushe rundunar Sulaimanu ɗan Zubairu a 1879, Rabeh ya ƙi miƙa wuya, ya nausa yamma da 'yan ɗaruruwan mayaƙa. Ya shekara goma sha wani abu yana kai hari yana tara bindigogi, har ya ci Bagirmi a 1893. A shekarar ce kuma ya fatattaki Shehu Hashimi na Borno, ya mayar da babban birninsa Kukawa kufai.

An fi tuna shi da takobi, amma yadda ya riƙe Borno daga Dikwa shi ne abin dubawa. Bai rushe tsarin da ya tarar ba. Ya bar ƙananan sarakuna a kan gadajensu, sai dai ya ɗora wa kowa wani jarumi daga cikin masu riƙe masa tuta, akasarinsu 'yan'uwansa 'yan Sudan. Jiya mutum yana bakin daga, yau ga shi yana karɓar haraji yana aikawa Dikwa. Rabeh ya tsara kuɗin shiga, ya sa a yi hukunci da shari'a, ya gina fada mai kauri. Japan ma ta taɓa mayar da mayaƙanta, samurai, ma'aikatan mulki a zamanin gidan Tokugawa daga 1603, amma su sun samu zaman lafiya na sama da shekara 250, har takobi ya kusa zama ado. Mutanen Rabeh shekara bakwai suka yi, kuma bindiga ba ta taɓa barin kafaɗarsu ba. Talakan Borno kuwa ya ɗanɗana kuɗarsa, domin bautar da mutane ba ta tsaya ba, fatauci da Kano da Tarabulus kuma ya ja baya.

Labarin ya shafi gidan Shehu Usmanu ma. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya karɓi kiran Mahadin Sudan ya zauna a Balda, ya haɗa kai da Rabeh har ya auri 'yarsa Hauwa. Surukutar ba ta yi albarka ba. A 1898 Hayatu ya yi yunƙurin barin Dikwa, mayaƙan Fadlallah ɗan Rabeh suka kashe shi.

Rundunoni uku Faransa ta haɗa a kan Rabeh: ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, ɗaya kuma ita ce wadda ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899 kafin ta wuce Damagaram. Bayan mutuwar Rabeh, Fadlallah ya ci gaba da faɗa har aka kashe shi a Gujba a 1901.

Fort Lamy ta zama zangon alhazan Hausawa masu bin ƙasa zuwa Makka, wasu ma nan suka yada zango har abada. Sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya cire sunan Lamy ya sa Njamena. Fadar Rabeh kuwa tana nan a Dikwa, cikin Jihar Borno.