Yadda batirin mota ya shiga ɗaki a Abuja

Ranar 12 ga Disamba, 1991, da Janar Ibrahim Babangida ya baro Legas ya tare a Abuja, wutar sabon birnin ta riga shi isowa. Shekara guda kafin nan aka ƙaddamar da tashar Shiroro a kan kogin Kaduna, mai ƙarfin megawat 600, ta zo ta tarar da Kainji ta 1968 da kuma Jebba. A takarda dai, birnin da Janar Murtala Mohammed ya kafa da doka a 1976 ba zai san duhu ba.

Sai dai leburori da direbobi da ƙananan ma'aikatan da birnin ya tsayu a kansu ba a Maitama ko Asokoro suke kwana ba. Suna can Nyanya, Karu, Karmo, Gwagwa da Mararaba, inda wayar hukumar wuta ta NEPA ko dai ba ta kai ba, ko ta kai tana zaman igiyar shanya. A irin waɗannan unguwanni ne wata sana'ar gareji ta shiga gida.

Asalin aikin mai rewaya haɗa wayoyin mota ne: fitila, hon, kik da caji. Shi ya san wutar batir mai bolt 12, shi kuma ya iya ja mata waya zuwa kwan fitila, rediyo mai kaset da ƙaramar talabijin mai fari da baƙi. Idan hoto ya fara tsukewa a fuskar talabijin, maigida ya san batir ya gaji. Washegari a ɗora shi a baro ko a bayan ɗan acaɓa, a kai wa mai caji.

Daga baya ƙaramin janareto ya karɓe fage, wanda ake zuba masa fetur gauraye da baƙin mai, aka laƙaba masa suna mai nufin "na fi maƙwabcina". Ya kawo fanka, ya kawo ƙara, hayaƙinsa kuma ya halaka iyalai da dama da suka kwana da shi a rufe. Ita kuwa hukumar wuta sai sauya riga take yi: NEPA ta 1972 ta koma PHCN a 2005, a Nuwamban 2013 aka miƙa rabon wutar Abuja, Neja, Nasarawa da Kogi ga kamfanin AEDC. Yara har gobe NEPA suke kira idan an kawo.

Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya juya lissafin. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A Afrilun 2024 kuma aka mayar da kuɗin wutar kwastomomin da ke rukunin A naira 225 kowane yunit. Batir ya dawo ɗaki, wannan karon da farantan sola a kan kwano da inbata mai juya wutarsa ta koma irin ta soket.

Mai shago a kwantena ko a gawar tsohuwar bas, sai ya yi lissafi kafin ya saka sola. Da kaya ake farawa: fanka nawa, kwan fitila nawa, awa nawa za su ci. Batir mai bolt 12 da amfa-awa 200 yana riƙe yunit 2.4, amma idan mai ruwa ne rabi kawai ake taɓawa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Shi ya sa batirin mota, da aka ƙera don tayar da inji na 'yan daƙiƙu, ya bar wa dogayen batura na Indiya wuri, su ma yanzu na litiyam daga Sin na ture su. Dutsen guga mai wat 1,200 zai ja amfa 100 daga batirin, don haka siririyar waya babu fis gobara ce ke jira. Wannan darasi masu rewaya na garejin Apo a Abuja sun san shi tun a cikin mota. Abin da rufin kwano ya ƙara musu shi ne ƙurar hunturu, wadda ke rage wutar faranti har sai an hau an goge.

Sola ba ta tsaya a kan kwanon talaka ba: a kasafin kuɗin 2025, gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 10 don saka sola a fadar shugaban ƙasa ta Aso Rock.