Wa'azin Tuba da Begen Mulkin Allah a Tarihin Kiristocin Gwarzo da Kabo

Ƙasar Gwarzo da Kabo, tare da maƙwabtansu Karaye da Rogo, tana cikin sassan yammacin Kano inda Maguzawa, wato Hausawan da suka ci gaba da riƙon addinin gargajiya bayan jihadin da aka fara a 1804, suka daɗe suna zaune cikin manyan gidajen noma a bayan gari, kuma daga tsatsonsu ne akasarin Kiristocin yankin suka fito. Saƙon da ya iske su shi ne wanda Linjila ta nuna cewa Yahaya Mai Baftisma da Yesu Almasihu sun buɗe wa'azinsu da shi, wato kira ga mutane su tuba saboda Mulkin Allah ya kusato, kuma tarihin ikilisiya a wannan ƙasa ya ginu ne a kan yadda manoma suka ɗauki wannan kira suka sa shi cikin zamansu na yau da kullum.

Saƙon bai iso da wuri ba. A 1900 Sarkin Kano Aliyu Babba ya sallami ayarin Bishop Tugwell na mishan ɗin Angilika bai ba su izinin zama ba, kuma bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903 sai shugabansu Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa ba za a taɓa addininsu ba, wanda ya sa aka tsare masu wa'azin Kirista daga masarautu na tsawon shekaru. Ƙofa ta fara buɗewa ne a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da ƙungiyar mishan ta SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka kafa a 1893, ta karɓi aikin jinyar kutare a 1937, ta kuma buɗe asibitin ido na Kano a 1943. Daga nan ne tashoshinta suka bazu zuwa Kabo da Karaye da Roni, aka kuma kafa makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa, inda ake horar da masu bishara, wato malaman da ake aikawa ƙauyuka su yi wa'azi su koyar da karatu. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta riga ta ba su abin da za su riƙe a hannu.

Mutanen SIM sun yi imani cewa dawowar Almasihu tana iya aukuwa a kowane lokaci, saboda haka suka ɗauki wa'azi a matsayin aikin gaggawa wanda bai kamata a ɗaga shi zuwa gobe ba, kuma wannan fahimta ce ta shiga bakin ɗalibansu. Sai dai a gidan Bamaguje tuba tana da tsada da za a iya gani da ido. Binciken da Joseph Greenberg ya yi a tsakanin Maguzawan Kano a 1938 da 1939 ya nuna yadda rayuwar gida ta rataya a kan iskoki: maigida ne ke yanka kaza ko akuya mai launin da iskan gidan ke so, ya zuba jinin a wurin tsafi domin neman damina mai albarka da lafiyar iyali, giyar dawa kuwa tana tsakiyar aikin gayya da biki da makoki, kuma dafa ta na cikin hanyoyin da mata ke samun kuɗin kansu. Wanda ya tuba dole ya janye hannunsa daga yankan gida, ya fito da layu da guraye a ƙone su a gaban jama'a, ya bar tulun giya, kuma da yin haka yakan rasa masu taya shi noma, wani lokaci har da matar da aka yi masa alkawari.

Saboda nauyin wannan mataki ne ikilisiya ba ta gaggauta yi wa kowa baftisma ba. Sabon mai bi yakan shiga ajin baftisma, inda yake koyon karatu da tushen bangaskiya har dattawa su shaida cewa halinsa ya sake, sa'an nan a nutsar da shi cikin ruwa a idon jama'a. Wanda ya koma wa giya ko tsafi ko zina kuwa akan sa shi ƙarƙashin horo, wato a dakatar da shi daga cin Jibin Ubangiji da riƙe muƙami har ya furta laifinsa a karɓe shi kuma. Wannan tsari ya koya wa masu bi cewa tuba aba ce da ake sabuntawa muddin rai, ko da yake matsalar mai mata fiye da ɗaya, wanda aka hana wa baftisma alhali ya bar tsafi da zuciya ɗaya, ta daɗe tana ɗaga hankalin gidaje da yawa.

Yaɗuwar addinin ta fi ƙarfi ne bayan ragama ta koma hannun 'yan ƙasa. An kafa ECWA, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, a 1954, a tsakiyar shekarun 1960 kuma shirin Sabon Rai Don Kowa ya fitar da talakawan masu bi ƙungiya-ƙungiya zuwa ƙauyuka da waƙa da ganga, a daidai lokacin da rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello ya sa Maguzawa suka ga cewa zama a kan addinin kakanni ya fara wuya. Da yawa suka musulunta, wasu kuma, musamman daga shekarun 1970, suka shiga ikilisiyoyin ECWA da Katolika da Angilika, har Angilika ta kai ga kafa dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, a Bari ta ƙasar Rogo. Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya, ta ɗauki kaso mai yawa na wannan aiki ta hanyar waƙoƙi da ziyarar marasa lafiya.

Ga jama'a 'yan tsiraru da ke zaune tsakanin 'yan'uwansu Musulmi, da harshe ɗaya da kasuwa ɗaya, koyarwar kusantowar Mulkin Allah ta zama abin ƙarfafa zuciya, domin tana tabbatar musu cewa hukunci na ƙarshe yana hannun Allah, ta kuma ɗora musu nauyin gaskiya a ciniki da haƙuri da maƙwabci. Waɗanda suka fara amsa kiran sun biya da gona da dangi da mutunci, saboda haka wajibi ne jikokinsu su rubuta tarihin nan tun dattawan da suka gani da idonsu suna raye, su kuma auna tubarsu da irin ma'aunin da iyayensu suka auna tasu, wato canjin hali da kowa zai iya shaidawa.