Tarihin Kitsen Dabba a Cikin Roba

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka leda da bokitin roba man fetur ne zalla. To, ba haka abin yake ba, dabba ta daɗe a wannan sana'a.

Kafin roba, da ƙaho da ƙashi ake yin maɓalli da matajin kai. A 1897 wasu mutum biyu, Krische da Spitteler, suka gano yadda ake daskarar da madara ta yi tauri kamar ƙaho, aka yi shekaru ana yin maɓallin riga da ita. Da robar man fetur ta bayyana, aka ce ai an rabu da dabba. Ina! Leda tana manne wa injin, tana manne wa 'yar'uwarta, don haka masana'antu ke zuba mata ɗan sinadari mai sa santsi. Wani lokaci daga manja ake samo shi, wani lokaci daga kitsen shanu ko tumaki, kuma ba a rubutawa a jikin kaya.

Maganar ta fito fili a 2016. A watan Satumba Babban Bankin Ingila ya fitar da sabuwar takardar fam 5 ta roba, a Nuwamba ya amsa cewa akwai ɓurɓushin kitse a cikinta. Fiye da mutum 100,000 suka sa hannu a takardar koke, wasu wuraren bautar Hindu suka daina karɓar kuɗin. Turawan Ingila kuwa sun san zafin wannan batu, domin jita-jitar an shafa wa harsashi kitsen saniya da na alade tana cikin abin da ya tayar da boren sojojin Indiya a 1857. Duk da haka a Agustan 2017 bankin ya ce zai ci gaba: kitsen bai kai kashi 0.05 cikin ɗari ba, manja kuma ya fi tsada.

Mu fa? Malamai sun daɗe da babin istihala, wato abu ya sauya zatinsa, kamar giya ta koma khal da kanta. A taron malamai da likitoci na Kuwait a 1995 an tafi a kan cewa sabulun da aka yi da kitsen mushe ya tsarkaka da wannan sauyi. Sinadarin leda ma sai an farfasa kitsen kafin a fitar da shi, ga shi ba ci ake yi ba. Wallahu a'alamu.