Tarihin Ƙididdigar Farfashewar Tsakuwa

Muddin gini bai yi tsawo ba, magina ba su cika damuwa da ƙarfin ƙwayar tsakuwa ɗaya ba. Damuwar ta taso ne sa'ad da aka shiga gina manyan madatsun ruwa da tulin duwatsu, domin na ƙasa sukan murƙushe saboda nauyin na bisa, madatsa ta zauna, wani lokaci har ta tsage.

Asalin maganar kuwa daga gilashi ta faro. A 1921 wani Baturen Ingila, A. A. Griffith, ya nuna cewa ƙananan tsagogi da ido ba ya gani su ke karya gilashi, shi ya sa siririn zarensa ya fi kakkaura jure ja, in an auna bisa kaurin kowanne. A 1939 injiniyan Suwidin, Waloddi Weibull, ya mai da wannan lissafi. Ya kwatanta abu da sarƙa, wadda ke tsinkewa a zoben da ya fi rauni. Watau babban dutse ya fi ƙarami yiwuwar ɗauke da muguwar tsaga. Lissafinsa ba ya nuna dutsen da zai fashe, sai dai ya faɗi nawa cikin ɗari za su tsira a ƙarƙashin nauyi kaza. Ga mai gina madatsa, wannan ya wadatar.

Amma fa an daɗe kafin masana ƙasa su waiwayi aikin. A farkon shekarun 1960 Raúl Marsal ya yi ta matse manyan duwatsu cikin na'ura domin madatsar El Infiernillo ta Meziko, mai tsawon mita 148, yana tankaɗe su kafin matsi da bayansa don ya ga yawan da suka farfashe. Awo ne mai amfani ƙwarai, sai dai bayan ɓarna ta auku ake yinsa.

A 1998 McDowell da Bolton na Jami'ar Kambirij suka ɗora lissafin Weibull a kan ƙwayoyin yashi da tsakuwa, sai wani abin mamaki ya fito fili. Babbar ƙwaya ita kaɗai rarrauna ce, amma cikin tuli ƙanana sukan kewaye ta, su rarraba mata nauyi ta kowane gefe. Ƙaramar da ta maƙale tsakanin manya biyu ko uku ita ke shan matsi, ta fashe, 'ya'yanta ma su sake fashewa.

Madatsar Shiroro a kan Kogin Kaduna, wadda aka buɗe a 1990, da tulin duwatsu aka gina ta, aka yi mata fuskar kankare. Lafiyar wannan fuska ta dogara ga iyakar zaman da duwatsun bayanta za su yi.