Zaɓen Gidan Kula da Tsofaffi a Tompkinsville: Nazari a Kan Lasisi, Kuɗi da Harshe

Tompkinsville unguwa ce a gaɓar arewa maso gabashin tsibirin Staten Island, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin New York. Ta ci sunan Daniel D. Tompkins, wanda ya yi gwamnan jihar daga 1807 zuwa 1817, sannan ya zama mataimakin shugaban ƙasar Amurka. Unguwa ce ta baƙi: a kan titin Victory Boulevard akwai gidajen abincin 'yan Sirilanka da masallacin Albaniyawa, kudu kaɗan kuma, a Park Hill, 'yan Laberiya ne suka yi kaka-gida. Hausawa ba su da yawa a nan, galibinsu suna Bronx da Harlem. Amma duk iyalin da suka zauna a wannan yanki tare da tsohuwa ko tsoho, wata rana za su iya fuskantar tambayar da muke son nazarinta: idan kulawar gida ta gaza, wane gida za a kai shi, kuma da wane ma'auni za a zaɓa?

Kafin mu shiga, ya kamata mu kawar da wani nauyi da ke hana iyali ko da tattauna batun. A ƙasar Hausa, gidan gajiyayyu irin na Shahuci a Kano an san shi da karɓar waɗanda ba su da kowa, don haka kai mahaifi can abin gori ne har jikoki. Nan ma asalin abin haka yake: gidan Sailors' Snug Harbor, wanda aka buɗe a 1833 yamma kaɗan da Tompkinsville, an gina shi ne don tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa da suka gaji kuma ba su da matattara, ya ci gaba da aiki har 1976 da aka mayar da su jihar North Carolina. Gidajen yau daban suke. Yawancin mazaunansu suna da 'ya'ya, sai dai wasu 'ya'yan suna aikin dare a asibiti ko suna tuƙin tasi awa goma sha biyu, kuma babu faffaɗan tsakar gida cike da matan wa da ƙani da za su riƙa karɓa-karɓa. Umarnin kyautata wa iyaye a lokacin tsufa, wanda Suratul Isra'i ta jaddada, bai sauka daga wuyan kowa ba. Abin da ya canza shi ne hanyar cika shi.

Akwai kalmomi biyu da dukkan shawarar ta rataya a kansu. Ta farko ita ce ayyukan yau da kullum, wato abubuwa shida da likitan nan Sidney Katz ya tsara ma'auninsu a 1963: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da hannun kai. Da su ake auna yawan taimakon da mutum yake bukata. Ta biyu ita ce cutar mantuwa, wadda a baki ake kira gigin tsufa. Ba mantuwar inda aka ajiye carbi ba ce. Lalacewa ce a ƙwaƙwalwa da ke ci gaba sannu a hankali, har ta taɓa tunani da magana da gane hanya da hali. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu cutar. Akwai kuma wanda toshewar ƙananan jijiyoyin jini ke haddasawa, mai alaƙa da hawan jini da ciwon suga. Tun da ƙarancin sinadarin B12, da matsalar maƙoƙo, da ciwon mafitsara, da haɗuwar magunguna duk suna iya ruɗa tsoho kuma ana warkar da su, matakin farko shi ne ganin likita, ba neman gida ba.

Dokar jihar New York ta kasa wuraren kulawa kashi biyu manya. Kashi na farko shi ne gidan jinya, inda ake da ma'aikatan jinya dare da rana; misalinsa a tsibirin shi ne Sea View, mallakar hukumar asibitocin birni. Dokar tarayya ta 1987 ce ke tsara haƙƙin mazauna irin waɗannan gidaje. Kashi na biyu shi ne gidan zama da taimako, inda tsoho yake da ɗakinsa, ana ba shi abinci, ana lura da shan maganinsa, ana taya shi wanka da sa kaya, amma ba asibiti ba ne. Wannan kashi jiha ce kaɗai ke tsara shi, kuma tun bayan dokar gyara ta 2004 Ma'aikatar Lafiya ta jihar take ba shi izini hawa-hawa. Lasisin tushe ana gajarta sunansa da ALR. A kansa ana iya ƙara takardar EALR, wadda ke ba gida damar ci gaba da riƙe mutum bayan rauninsa ya ƙaru. Ana iya ƙara takardar SNALR, wadda ita ce izinin buɗe sashen masu cutar mantuwa, mai ƙofofi a tsare da ma'aikatan da aka horar don wannan aiki. Gefe guda kuma akwai shirin ALP, wanda aka yi wa waɗanda lafiyarsu ta kai a sa su gidan jinya amma za su iya zama a wuri mai sauƙin kulawa.

Waɗannan haruffa suna da gundura, amma a ganinmu su ne ƙashin bayan zaɓen. Gida mai lasisin tushe kaɗai doka ba ta yarda ya ci gaba da riƙe wanda kullum sai an ɗaga shi daga gado ba, ko wanda ba a iya shawo kan matsalar fitsarinsa. Cutar mantuwa kuwa ba ta komawa baya. Dattijuwar da yau take hawa bene da sandarta tana gaisawa da kowa, bayan shekara biyu mai yiwuwa ba za ta gane ƙofar ɗakinta ba. Idan an zaɓi gidan bisa halin da take ciki yau, to an ɗauki alkawarin sake ƙaura a daidai lokacin da ƙaura ta fi yi mata illa, domin sauya wuri yana ƙara wa mai wannan cuta ruɗani. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga manajan gida ita ce: «Wane hali ne idan ta shiga za ku ce mu zo mu ɗauke ta?» Amsar da aka ba da baki sai a nemi ganinta a rubuce cikin yarjejeniyar zama, a kuma duba lasisin a shafin Ma'aikatar Lafiya, inda ake ajiye rahotannin sufetoci da jerin gidajen da aka hana a tura musu sababbin mazauna. Ma'aunin taurari biyar da gwamnatin tarayya ta fito da shi a 2008 na gidajen jinya ne kawai. Taurarin da ake gani a tallan gidajen zama da taimako ba na hukuma ba ne.

Batun kuɗi shi ne inda iyalai suka fi yin tuntuɓe, saboda kamannin sunaye biyu. Medicare inshorar lafiya ce ta tarayya ga 'yan shekara 65 zuwa sama. Tana biyan likita da asibiti, da jinyar farfaɗowa da ba ta wuce kwana 100 ba bayan kwanciya a asibiti, amma ba ta biyan kuɗin zama a gidan tsofaffi. Medicaid kuwa tallafi ne na masu ƙaramin ƙarfi. Tana biyan gidan jinya, tana biyan kulawar da ake yi a shirin ALP, amma ba ta biyan ALR ko EALR ko SNALR. Waɗannan ukun daga aljihu ake biya, dubban daloli kowane wata, kuma farashin yana hawa duk lokacin da aka ce bukatar tsohon ta ƙaru. Tun 2018 jihar ta kafa wani tallafi ga masu cutar mantuwa da ke zaune a sashen SNALR waɗanda kuɗinsu ya ƙare, wanda zai iya kai kashi 75 cikin ɗari na matsakaicin farashin yankin, sai dai gurabensa kaɗan ne. Wani tarko kuma ya shafe mu kai tsaye: mai neman Medicaid don gidan jinya ana bin diddigin dukiyar da ya kyautar cikin watanni 60 da suka wuce. Kuɗin da Alhaji ya tura gida don ginin masallaci ko auren 'yar ƙaninsa, a idon hukuma kyauta ce, kuma tana iya jawo jinkirin biya.

Matsayin takardun zama ma yana da tasiri. A shari'ar Aliessa da Novello ta 2001, babbar kotun jihar ta yanke cewa ba za a hana baƙi masu izinin zama Medicaid na jiha ba saboda ba su cika shekara biyar ba, wanda ya sa New York ta fi jihohi da yawa sassauci. Amma tallafin tarayya na SSI, wanda da shi mafi yawan mazauna ALP suke biyan ɗaki da abinci, yana da wuyar samu ga mai katin zama na dindindin da ya shigo bayan Agustan 1996, in dai bai tara shekaru goma na aiki ba ko bai zama ɗan ƙasa ba. Uwar da ɗanta ya ɗauko daga Katsina ko Kumasi tana da shekara saba'in tana cikin wannan rukuni. Ga irinta, sau da yawa kulawar cikin gida ta fi samuwa, musamman shirin CDPAP, wanda ke ba mai Medicaid damar ɗaukar ɗansa ko 'yarsa a matsayin mai kula da shi a biya su, ban da miji ko mata.

Sai abin da babu lasisin da ke auna shi. An lura cewa masu harshe biyu da suka kamu da cutar mantuwa sukan fara rasa harshen da suka koya da girma, su koma na ƙuruciya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ciniki da Turanci a titin 125 na Harlem zai iya wayar gari ba ya jin komai sai Hausa ko Zabarmanci. Idan ya ce «ƙishirwa nake ji» babu mai fahimta, sai ya ɗaga murya. Idan ya ɗaga murya sai a rubuta cewa yana da tashin hankali. Daga nan sai maganin kwantar da hankali, alhali tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mafi tsanani cewa wasu daga cikin waɗannan magunguna suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan cuta. Haka ibada. Malamai sun haɗu a kan cewa wanda hankalinsa ya gushe babu taklifi a kansa, amma jiki ba ya mance abin da ya saba: za ka ga dattijo ya tashi da asuba yana lalube neman buta, ma'aikaciyar dare kuma ta ɗauka yawon ruɗewa ne ta mayar da shi gado. Doka ta wajabta a rubuta wa kowane mazauni tsarin kulawa na kansa, a kuma sabunta shi aƙalla duk wata shida. A cikinsa ne ya kamata a sa lokutan salla, da buta a banɗaki, da abincin da babu naman alade ko kitsensa, da cewa mace ce za ta yi wa Hajiya wanka, da wanda za a kira nan take idan rai ya yi halinsa don a hanzarta jana'iza. Takarda guda mai ɗauke da kalmomi ashirin na Hausa da ma'anarsu, a manne a bangon ɗaki, tana rage rigima da yawa.

Wannan ya kai mu ga nisa. Staten Island ita kaɗai ce gundumar da jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin bai haɗa ta da sauran ba. Daga Tompkinsville tasha ɗaya ce a jirgin ƙasa zuwa St. George, daga can jirgin ruwa na kyauta ya ɗauki kimanin minti 25 zuwa Manhattan, sannan a kama wata doguwar tafiya zuwa Bronx. Iyalin da ke Tompkinsville za su iya jin kwaɗayin kai tsohonsu Bronx don ya sami masu jin harshensa. Waɗanda ke Bronx kuma su ga gurbi a tsibirin su karɓa. Mu dai mun fi karkata ga gidan da ɗa ko jika zai iya leƙawa bayan tashi daga aiki ba tare da shiri ba, ko da bai kai wancan kyau ba. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum, in ji Bahaushe. Amma a gidan kulawa akasin haka ne, wanda ake ganin danginsa kullum shi ne ba a rainawa. Tarihin tsibirin ya isa shaida a kan abin da ke faruwa a wurin da idon waje ba ya shiga: makarantar Willowbrook ta masu naƙasar ƙwaƙwalwa, wadda ɗan jarida Geraldo Rivera ya tona asirinta a 1972, ba a rufe ta ba sai 1987.

Ziyarar dubawa kuma a yi ta sau biyu, ɗaya da alkawari, ɗaya ba zato. Ta biyun ta fi kyau da la'asar sakaliya, domin masu cutar mantuwa ruɗaninsu yakan tsananta gab da faɗuwar rana, kuma a watan Disamba rana tana faɗuwa a New York kafin ƙarfe biyar. A ƙirga ma'aikatan da ke sashen a lokacin, a tambayi nawa ne suke kwana, a lura ko suna kiran mazauna da sunayensu, a duba farata da wuyan riga da warin baranda. A tambayi ina aka tanada za a kai mutane idan guguwa ta zo, tun da guguwar Sandy ta nuna wa tsibirin ƙarfin ruwa a Oktoban 2012. Idan saɓani ya taso bayan shiga, gida ba shi da ikon korar mazauni sai da sanarwar kwana 30 a rubuce, kuma idan ya ƙi fita sai an je kotu. Akwai kuma ofishin mai sauraron koken mazauna, wanda ƙungiyar CIDNY ke gudanarwa a birnin kyauta.

Akwai kuma takardar da ba ta jiran a zaɓi gida: wakilcin lafiya, wadda da ita tsoho yake naɗa wanda zai yanke masa shawarar magani idan ya kasa. Ba ta bukatar lauya, shaidu biyu baligai sun isa, amma sai mai ita yana cikin hayyacinsa take inganta, kuma wakilin ba zai iya yanke hukunci kan ciyarwa ta bututu ba sai ya san ra'ayinsa a kai. Idan lokacin ya wuce babu ita, kuma babu takardar wakilcin dukiya, taɓa asusunsa ma sai an nemi kotu ta naɗa waliyyi, da kuɗi da watanni. Wanda mahaifinsa yake gane shi yau, ya zauna da shi a cika waɗannan takardu biyu cikin wannan mako.