Gwangwanayen Baƙin Mai a Kantata

Duk wanda ya shigo shagona da ke bakin titin Gusau zuwa Funtuwa, a nan Tsafe, idonsa kan fara sauka a kan kanta ta can sama, inda na jera tsofaffin gwangwanayen baƙin mai. Babu ko ɗigo a cikinsu, wasu ma tsatsa ta fara cin gindinsu. 'Yan gwangwan sun sha taya su a kilo, ni kuwa dariya kawai nake yi. Mafi yawansu gadonsu na yi daga kawuna, wanda a hannunsa na koyi wannan sana'a tun ina riƙe masa mazurari idan direba ya tsaya juye.

Kawu bai yi boko ba, direbobinsa ma haka, saboda haka ba da suna suke ciniki ba, da hoto ne. Direban Bilhodi zai leƙo ya ce, "Alhaji, a ba ni mai doki galan guda," wato Mobil, mai jan doki da fukafukai. Wani ya ce mai tauraro, wato Texaco. Wani kuma ya ce mai kare, yana nufin Agip na Italiya da baƙin karensa mai ƙafa shida yana aman wuta. Na tuna ranar da na tambayi kawu dalilin ƙafafun nan shida, ya ce, "Yaro, kai dai zuba mai, kare na masu shi ne."

Mai doki shi ne babba a cikinsu a ƙasar nan. Tun 1907 kakan kamfanin ya fara sayar da kananzir mai suna Sunflower a Najeriya, lokacin da fitila ta fi mota yawa nesa ba kusa ba. A garwa ake kawo kananzir da fetur a wancan zamani, kuma garwar nan mai cin galan huɗu ita ce ta koma kafaɗar 'yan garuwa bayan an juye abin da ke ciki. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, sai manyan motoci suka fara jigilar gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa tasha. Inda mota ta shiga kuwa, baƙin mai na biye da ita.

Akwai wani koren gwangwanin Castrol da nake ji da shi. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Wakefield, shi ya kafa kamfanin a Landan a 1899, kuma sunan ya samo asali ne daga man zurma da suke haɗawa a ciki. Zurmar nan dai da ke fitowa da kanta a bayan gari da bakin juji, wadda akuya ma ba ta kula ta. Idan na gaya wa yaran gareji haka, sai su ɗauka zolaya nake yi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a kantar nan shi ne yadda sunaye suka riƙa canzawa a kan idonmu, alhali gidajen man suna nan inda suke. A 1975 sashen kasuwancin Shell ya koma National, daga baya Mike Adenuga ya saye mafi yawan hannun jarinsa a 2000, aka wayi gari ya zama Conoil. Esso ya koma Unipetrol a 1976, shi kuma ya haɗiye Agip, suka zama Oando a 2003. BP kuwa gwamnatin Obasanjo ta soja ce ta karɓe shi a 1979 saboda rikicin siyasar kudancin Afirka, aka raɗa masa African Petroleum, wato AP. Ya zama Forte Oil a 2010, ya sake zama Ardova a 2020. Mai tauraro ya bi ta hannun Chevron ya ƙare a MRS. Shi kansa mai doki, masu shi sun sayar da kasonsu ga NIPCO, kamfanin ya koma 11 Plc, ko da yake har yau ana sayar da mai da sunan Mobil. Duk canjin nan ina da gwangwani ko galan da zan ɗora a kan tebur in nuna shi.

Total na Faransa, wanda aka yi wa rajista a nan a 1956, shi ya ci moriyar zamanin fijo. Da masana'antar Peugeot ta buɗe a Kaduna a 1975, tashoshin Gusau da Funtuwa suka cika da 504, kuma daga baya aka riƙa ganin takardar Total a manne a gilashinsu na baya. Direba ba ya musu da abin da ya gani a jikin motarsa.

A Kadunan ne kuma muka sa rai da yawa. Matatar mai ta buɗe a 1980, aka ƙara mata sashen tace uwar baƙin mai a 1983, ita kaɗai a duk ƙasar. Ɗanyen manmu bai dace da wannan aiki ba, sai an shigo da wani daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait. Da matatar ta durƙushe, masu haɗa mai suka koma dogaro da na waje, shi ya sa duk ranar da dala ta yi tsalle, mu ma sai mun goge farashi mun sake rubutawa.

Daga nan roba ta kori ƙarfe. Baburan Jincheng da Bajaj suka cika gari da daji, acaɓa ta zama abincin matasa, ga injinan ban ruwa a fadama, ga janareta a kowane shago. Ciniki ya tashi daga galan ya koma lita ɗaya-ɗaya. Kamfanonin gida suka samu ƙofa, irin su Ammasco na Kano da Lubcon na Ilori, kuma sun taimaki talaka da farashi mai sauƙi.

Sai dai robar ta zo da tata cutar. Gwangwanin ƙarfe sai an huda shi kafin a zuba, kuma wanda aka huda ba ya komawa sabo. Daga nan hannun maƙera yake faɗawa, su mayar da shi fitilar aci-balbal ko mazurari ko ma'aunin manja. Robar kuwa ana wanke ta, a ɗura mata tataccen tsohon mai, a liƙe murfi. Ni ma an taɓa ci da ni. Wani ya kawo mini katan-katan a farashin da ya kamata in yi shakka, kwaɗayin riba ya rufe mini ido. Kafin wata guda baburan mutum uku sun buga inji, cikinsu har da na wani yaro da bai gama biyan kuɗin babur ɗinsa ba. Na biya gyara, sauran kayan na ba masu rufin ɗaki su shafa wa katako saboda gara. Tun daga ranar, duk wanda ya yi juye a gabana, sai na sa wuƙa na tsaga robar kafin ya tafi.

Na ji cewa a Amurka da Ingila akwai masu tara irin gwangwanayen nan, har gwanjonsu ake yi. Mu a nan ma'auni ake ɗora su, a matse, a loda a tirela zuwa wurin narka ƙarfe. Kirana ga 'yan uwana masu shaguna da bakanikai na Tsafe da Gusau da Bunguɗu shi ne: idan kun ci karo da tsohon gwangwani a bayan gareji ko a ɗakin ajiyar iyayenku, ku goge shi ku ajiye. Kuɗin da ɗan gwangwan zai ba ku a kansa ba zai sayi rabin lita ba.