Tarihin Jadawalin Shige da Ficen Kuɗi a Manyan Ayyuka

Jadawalin shige da ficen kuɗi shi ne lissafin da ke nuna wa mai gudanar da aiki, wata bayan wata, nawa zai shigo hannunsa, nawa kuma zai fita, tun daga haƙa harsashi har ranar miƙa makulli. A yau ana tsara shi ne a manhajar kwamfuta, a adana ƙirarsa, duk sabon aikin da ya zo sai cike gurabe kawai. Amma tushensa ya girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru.

Mataki na farko ya fito ne daga fataken Italiya. A shekarar 1494 malamin lissafi Luca Pacioli ya wallafa littafi a birnin Venice, inda ya bayyana yadda 'yan kasuwar wurin ke rubuta kowane ciniki sau biyu: inda dukiya ta fito da inda ta nufa. Wannan tsari ya bai wa attajiri damar sanin ko riba ya ci ko faɗuwa ya yi. Sai dai riba a rubuce daban, kuɗi a hannu daban. Mutum na iya cin riba a littafi alhali jarinsa ya maƙale a kaya da basussukan da bai karɓo ba.

Kamfanin ƙarfe na Dowlais da ke yankin Wales na Birtaniya ya ga wannan ƙuru-ƙuru a 1863. Littattafansa sun nuna riba, amma da aka tashi gina sabon tanderun narkar da ƙarfe sai aka tarar babu kuɗin. Manajan kamfanin ya jera lissafin bara da na bana ya gwada su, sai ya gano dukiyar ta tafi ne a tarin kayan da ke jibge a sito. Masana tarihin akanta na ɗaukar wannan takarda a matsayin ɗaya daga cikin kakannin rahoton shige da ficen kuɗi.

Irin wannan lissafi waiwaye ne kan abin da ya wuce. Ɗan kwangila kuwa gaba yake son hange, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an san lokacin da za a yi kowane ɓangare na aiki. Tsakanin 1910 da 1915 injiniyan Amurka Henry Gantt ya fito da zanen da ke shimfiɗa ayyuka a kan kwanaki, kowanne da layinsa. A 1957 kamfanonin DuPont da Remington Rand suka ɓullo da tsarin CPM, mai gano jerin ayyukan da jinkirin ɗayansu zai jinkirta aikin baki ɗaya. Shekara guda bayan haka rundunar sojan ruwan Amurka ta samar da PERT domin aikin makami mai linzami na Polaris. A 1962 aka ɗora wa PERT lissafin kuɗi, a 1967 kuma ma'aikatar tsaron ƙasar ta gindaya wa 'yan kwangilarta sharuɗɗan haɗa kuɗin da aka kashe da aikin da aka kammala. Daga nan ne kuɗi da lokaci suka hau takarda ɗaya. Da aka zana jimillar kashe-kashen, sai ta ba da lanƙwasa mai kama da harafin S: tafiyar hawainiya a farko, gudu a tsakiya lokacin da ma'aikata da kaya suka cika fili, sannan lafawa a ƙarshe.

Duk da haka aikin na da wahala. Akawu kan shimfiɗa babbar takarda mai layuka, ya cike ta da fensir. Idan farashin siminti ya tashi ko mai aiki ya jinkirta biya, sai ya goge ya sake tun daga farko. Dan Bricklin ya ga irin wannan goge-goge a kan allo yana ɗalibi a Harvard, shi ne ya haɗa kai da Bob Frankston suka fitar da manhajar VisiCalc a 1979 a kan kwamfutar Apple II. A canza adadi a gurbi ɗaya, sauran su gyara kansu nan take. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, shekarar da aka kafa kamfanin Primavera mai ƙera manhajar tsara ayyuka. Microsoft Project ta fito a 1984, Excel kuma a 1985.

Ƙirar jadawalin da ake amfani da ita yanzu ta gaji duk waɗannan matakai. Watanni na jere a sama. A gefe akwai layukan abin da zai shigo: kuɗin kafin alƙalami, biyan da ke zuwa bayan an duba aiki an sa hannu, da kason da mai aiki ke riƙewa har sai ya tabbatar babu aibu. A ƙasansu akwai abin da zai fita: siminti da rodi, ladan birkiloli da leburori, hayar injuna, man dizal, haraji, da kuɗin ƙananan 'yan kwangila. Gurbi mafi nauyi shi ne na tazarar biya. Lebura ana sallamarsa a ƙarshen mako, mai siminti ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗi, amma takardar biyan ɗan kwangila na iya yin watanni tana yawo a ofisoshi. Layin ƙarshe ke fallasa watan da asusu zai ƙafe, domin a nemi rance tun kafin aiki ya tsaya. Dokokin ƙasa ma suna shiga cikin ƙirar: a Najeriya dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta fara ne da ƙayyade kafin alƙalami a kan kashi 15 cikin ɗari na kuɗin kwangila.

Hukumomin akanta sun bi sahu. A 1987 Amurka ta wajabta wa kamfanoni fitar da rahoton shige da ficen kuɗi, a 1992 kuma aka sabunta ƙa'idar ƙasa da ƙasa a kan haka. Sai dai manhaja ba ta hana rushewa idan ba a faɗa mata gaskiya ba. A watan Janairun 2018 katafaren kamfanin gine-gine na Birtaniya, Carillion, ya durƙushe da fam miliyan 29 kacal a asusunsa, bashin da ke kansa kuwa ya kusa fam biliyan 7, alhali yana riƙe da ɗaruruwan kwangilolin gwamnati. Darajar jadawalin tana ga gaskiyar ranakun da adadin da aka zuba masa, da kuma sabunta shi duk wata.